Na kama mana gidan katako mu biyu, maigida ya ce sai da Hajiya

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki ne daga Mancesta a ƙasar Ingila, inda nake aikin jinya shekara huɗu ke nan. Shekararmu tara da aure, Allah ya ba mu yara biyu. Yawanci aikin dare nake yi, maigida kuma na rana, ina shigowa yana fita. Sai mu yi mako guda ba mu ci abinci a kwano ɗaya ba, hirarmu duk ta koma ta kuɗin haya da wanda zai ɗauko yara daga makaranta.

Tun watan Yuni na fara tara kuɗi a ɓoye, na kama mana wani ɗan gidan katako a ƙauye kusa da tafkin Windermere, kwana biyu, Juma'a zuwa Lahadi a tsakiyar Oktoba, lokacin da ganyaye ke komawa ja da ruwan ɗorawa. Fam 420 na biya, ɗakin kwana ɗaya ne. Ƙawata ta ce za ta riƙe min yara. Ana cikin haka sai bizar mahaifiyarsa ta fito, ta zo daga Kano a watan Agusta, za ta zauna da mu har Janairu.

Ran da na nuna masa hotunan wurin ya yi murna sosai, amma abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Kai, Hajiya za ta ji daɗin wurin nan." Ya ce a canza, a nemi babba mu tafi gaba ɗaya. Na kasa cewa komai. Bayan kwana biyu na ce masa a fasa kawai, shi kuma ya ce da ma gida aka tura kuɗin da ya fi. Tun daga nan sai gaisuwa. Wallahi Hajiya ba ta taɓa ɓata min ba, shi ya sa nake jin nauyin abin da ke raina. Saura mako uku. Son kai ne in so mu tafi mu biyu kawai?

Wata 'yar'uwa, Mancesta

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara sauke miki wannan nauyin kafin mu shiga sauran magana: ba son kai ba ne. Matar da ta tsaya da ƙafarta dare bayan dare tana jinyar mutane, ta riƙa cire wani abu daga albashinta wata huɗu don ta samu kwana biyu da mijinta, aurenta take nema ta gyara tun bai yi tsami ba. Da yawa daga wasiƙun da nake samu na zuwa ne bayan an yi shekaru ana zaman doya da manja, lokacin da ko an ba su gidan katako kyauta babu mai son shiga mota ɗaya da ɗan'uwansa. Ke kin lura da wuri, kin kuma yi wani abu a kai. Addininmu ma bai ɗauki keɓewar miji da mata a matsayin wasa ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin wata tafiya da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa sahabbai su yi gaba, shi da ita suka tsaya a baya suka yi tsere. Cikin ayari ake, da jama'a da kaya da hidima, amma ya ware mata wannan ɗan lokacin.

To amma ki dawo mu duba ranar da kika nuna masa hotunan. Me kika nuna masa? Gida na gungumen itace, bishiyoyi sun yi ja, tafki a kwance. Abin da ya gani ke nan, wurin shaƙatawa. Wata huɗun da kika yi kina tunanin yadda za ku zauna gaban wuta ku yi hirar da kuka daɗe ba ku yi ba, wannan yana cikin ranki ne, bai fito a hoto ba. Da ya ambaci Hajiya kika yi shiru, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amincewa. Bayan kwana biyu sai ya ji kin ce a fasa. Ki tsaya a inda yake tsaye ki ji yadda maganar ta faɗo masa: matata ta shirya tafiya, na ce a je da mahaifiyata, ta ce ta fasa. Abin da zuciyarsa ta gaya masa shi ne ba kya son zama da uwarsa. Maganar nan ta a tura kuɗin gida, ina kyautata zaton daga nan ta fito. Ta yi ciwo, kuma bai kamata ya faɗa ba, domin ya taka abin da kika yi wahala a kai. Sai dai ban ɗauke ta a matsayin ra'ayinsa na gaskiya game da tafiyar ba, tunda ke da kanki kin ce da farko murna ya yi.

Akwai kuma abin da ke kansa wanda wataƙila bai iya faɗa miki ba. Ɗa ne da ya kawo mahaifiyarsa ƙasar da ba ta saba da ita ba, inda fita ƙofar gida ma sai da jagora. A ce ya ɗauki matarsa sun tafi daji sun bar ta, kuma a tsarinki na farko har yaran za a kai gidan ƙawarki, wato ta kwana biyu ita kaɗai a gidan baƙunta. Ƙanwata, wannan ba zai yi ba, kuma na san da kin tsara tafiyar bayan zuwanta ba haka za ki tsara ba. Yana kuma jin tun daga nan yadda labarin zai isa Kano. Ba sai Hajiya ta kai ƙara ba. Ya isa wata daga cikin 'yan'uwansa ta kira ranar Asabar ta ce ina Yaya, a ce mata sun tafi hutu shi da matarsa. Sauran kin san yadda yake tafiya.

Ita Hajiyar ce na fi daɗewa ina tunani a kanta, domin a wasiƙarki kowa ya yi magana ban da ita. Dattijuwar da ta saba da gidan da ba ya rabuwa da sallama, maƙwabta na shiga da fita, almajirai na bara a ƙofa, ladan na kiran salla ana ji har tsakar gida, yau ga ta a falo kusa da hita, da carbi a hannu, tana kallon titi ta taga, tana lissafin sa'ar da jikoki za su dawo daga makaranta. Ke kina barcin ramuwa, ɗanta yana wurin aiki. Ba ta ƙorafi, amma ɗanta yana ganin wannan zaman duk yamma idan ya shigo, shi ya sa da ya ga wuri mai kyau ita ta fara faɗo masa. Tana bukatar a fita da ita, wannan gaskiya ne.

Tambayar ita ce ko gidan katako a tsakiyar Oktoba shi ne fitar da ta dace da ita. Oktoba lokacin kaka ne a can, amma kada sunan ya ruɗe mu. Kakarmu ta gida lokacin da ruwa ya ɗauke ne, ana girbin gero da dawa, rana tana nan da zafinta. Kakar yankin tafkunan Cumbria, inda Windermere yake, ruwa ce da sanyi mai shiga ƙashi. Yankin yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a Ingila, har akwai wani ɗan ƙauye a can, Seathwaite, da ruwan da ke sauka a kansa a shekara ya haura mita uku. Ƙasa a jiƙe take, ganyen da ya zuba yana santsi, gidajen nan kuma galibi sai an taka 'yan matakalai na katako kafin a shiga. Abin da ke kai mutane can shi ne yawo a ƙafa a bakin tafki da kan tuddai. Idan gwiwa ba ta ba da dama ba, zaman taga ne dai za a sake yi, sai dai tagar ta canza. Ga kuma kunya irin tamu. Bangon katako ba ya ɓoye motsi, banɗaki ɗaya, falo da kicin a haɗe. Surukar kirki irin wadda kika siffanta za ta fi kowa takura a irin wannan wuri, za ta yi ta ɗari-ɗari tana ganin ta shiga tsakanin ɗanta da matarsa.

Saboda haka ga abin da nake ba ki shawara, kuma farkonsa yau ne, tun ba ki yi magana da kowa ba. Buɗe saƙon da masu gidan suka turo miki ki karanta sharuɗɗan fasawa da na ɗage rana. Masu ba da hayar irin waɗannan gidaje sukan rage abin da suke mayarwa idan ranar ta matso, wasu kuma ba sa mayar da komai a makonnin ƙarshe amma sukan yarda a sauya rana. Ki san inda kike tsaye, domin "a fasa kawai" da kika faɗa cikin fushi tana iya nufin fam 420 sun tafi a banza, ba ku je ba, ba a kuma tura gida ba.

Sannan ki samu maigida. Kada ki tare shi a bakin ƙofa yana sauri, kada kuma ki yi ta saƙon waya daga wurin aiki da ƙarfe ukun dare. Ki bari sai daren da ba kya aiki, Hajiya ta shiga ɗaki, yara sun yi barci. Ki fara da naki kuskuren, shi ne zai buɗe masa kunne. Ki ce masa wani abu kamar haka: "Baban yara, ban yi maka bayani yadda ya kamata ba. Wurin nan ban kama shi don yawon buɗe ido ba. Kewarka nake yi alhali muna gida ɗaya. Kwana biyu nake so in gan ka ba ka kallon agogo. Da ka ce a tafi da Hajiya kunya ce ta hana ni magana, kuma wallahi ba don ina ƙin ta ba ne." Na san faɗin irin wannan da baki yana yi wa 'yar Hausa nauyi, an tashe mu a kan a gane ba sai an faɗa ba. Amma shekara tara da aure, a ƙasar da ba ku da kowa sai junanku, kin wuce a ce kina jiran ya karanci fuskarki. Maganar tura kuɗi kuwa, ki gaya masa sau ɗaya cewa ta ɓata miki rai, ki wuce. Kuɗin guminki ne, kuma shari'a ta ba mace ikon dukiyarta, amma kada ki ɗaga wannan hujja a daren nan, don za ta mayar da hirar gardama.

Kada ki je masa da hannu biyu babu komai game da Hajiya. Ki zo da tsarinta a shirye, kuma nata ya riga naku. Asabar ɗin da ke gaba, ko wadda ta biyo, ku ɗauke ta da yara ku tafi can yankin ku wuni ku dawo. Daga Mancesta zuwa Windermere tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa biyu a mota ta babbar hanyar M6, akwai kuma jirgin ƙasa da ke shiga har garin. Windermere shi ne tafki mafi girma a Ingila, tsawonsa kusan kilomita 17, kuma akwai jiragen ruwa masu rufi da ke ɗaukar mutane daga Bowness zuwa Ambleside. A zaune za ta ga komai, tuddai da bishiyoyin da suka rine da gidajen dutse, ba tare da ta taka laka ba. Ki cika filas da shayi mai citta, ki yi dambun nama ko soyayyar kaza a kula, ki sa mata safa mai kauri da rigar sanyi a ƙarƙashin hijabi. A yi mata hotuna da jikokinta a bakin ruwa ta tura Kano da hannunta. Idan labarin da ya fara isa gida shi ne matar ɗanta ta kai ta ta ga tafki ta shiga jirgi, duk abin da ya biyo baya da wannan idon za a kalle shi.

Game da kwana biyun naku, ki juya tsarin. Maimakon a kai yara gidan ƙawarki, ki roƙe ta ita ta zo ta kwana a gidanku, ko wata daga matan da kuke haɗuwa a masallaci ko wurin suna, wadda ke jin Hausa kuma Hajiya ta saba da fuskarta. Yara su zauna da kakarsu. Wannan ya canza komai, domin an bar mata amanar gida da jikoki ke nan, kuma babu abin da ke ɗaga darajar tsohuwa a gidan ɗanta kamar a nuna ana bukatarta. Ki dafa miya ki sa a firij, ki jera magungunanta idan tana sha, ki rubuta wa mai tayin kwanan lambar 111 ta neman shawarar lafiya da 999 ta gaggawa, duk da na san ke ma'aikaciyar jinya ba sai an tuna miki ba. Ki kuma tambayi masu gidan katakon ko akwai sabis ko intanet a wurin, saboda a wasu kwaruruka na yankin waya ba ta kamawa, kuma hankalin maigida ba zai kwanta ba in ya san ba za a same shi ba.

Wanda zai gaya wa Hajiya shi ne ɗanta, ba ke ba. Ya same ta ya ce suna so su ɗan je wani wuri kwana biyu shi da maman yara, yana neman izininta da addu'arta. Daga baya ke ki shiga ki durƙusa ki ce Hajiya ga yara nan mun bar miki. Ina da yaƙinin amsar da za ku ji ita ce Allah ya kiyaye hanya. Ita ma ta yi zaman aure, kuma wata biyun nan tana ganin yadda ɗaya ke shigowa ɗaya na fita.

Idan duk da haka maigida ya ce zuciyarsa ba za ta iya kwana biyu ba, kada ki mayar da shi ko duka ko babu. Ku tafi Asabar da sassafe ku kwana ɗaya ku dawo Lahadi. An yi asarar dare guda da aka biya, amma an samu abin da aka fita nema. Idan kuma Hajiya ba ta jin daɗin jikinta, ko ba a samu amintacciyar da za ta kwana da ita ba, to a ɗage zuwa bayan tafiyarta a Janairu, amma a tsayar da rana a rubuce kafin ku tashi daga hirar, kada a bar ta a "wani lokaci in sha Allah". Za ki rasa jan ganyen da kike ɗoki, na sani, kuma hakan da ɗan ciwo. In ɗagewar ta mako ɗaya ko biyu ce, ki lura da abu biyu: makon ƙarshe na Oktoba yawanci hutun rabin zango ne na makarantu, farashi yana tashi, kuma a Lahadin ƙarshe ta watan ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai rana ta riƙa faɗuwa kafin ƙarfe biyar.

Shawararsa ta a kama babban gida a tafi gaba ɗaya ita ce na fi sa wa a ƙarshe. Ba laifi ba ce, tafiyar iyali abu ne mai kyau. Amma na san yadda za ta kaya: ke ce a kicin, ke ce mai wankan yara, ke ce mai kula da ko Hajiya ta ji ɗumi, ki dawo ranar Lahadi da gajiya da wani ƙulli a zuciya wanda ba ki da wanda za ki ɗora wa. In har ita kuka zaɓa, ku kira ta da sunanta, tafiyar Hajiya da yara, ya sa hannu a kuɗin ƙarin, taku kuma tana nan a matsayin bashi.

In Allah ya nufa kun tafi, ku tashi da zarar an sauko daga Juma'a don ku isa da sauran haske. A tsakiyar Oktoba magariba na yi ne wajen ƙarfe shida, hanyoyin ƙauyen kuma sirara ne, katangar dutse hagu da dama, babu fitilun titi, ga tumaki da ke fitowa ba sallama. Ki sayi namanki tun daga unguwar Cheetham Hill ko Longsight a Mancesta, don samun na halal a ƙauyukan can da wuya. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 130, ta wuce tsawon da malamanmu na Malikiyya suka sa don yin ƙasaru, kuma zamanku bai kai kwana huɗu ba, saboda haka za ku iya rage salla. Alƙibla daga can tana kudu maso gabas, ki duba tun wayarki na da sabis. Idan gidan yana da murhun itace na ƙarfe, ki tabbata akwai na'urar da ke ƙara idan iskar guba ta taru kuma tana aiki, ku bi yadda masu gidan suka ce a hura shi. Haɗarin iri ɗaya ne da na kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu a gida. Ki bar maigida ya hura wutar. Warin itacen nan idan ya tashi zai tuna muku tsakar gidan da kuka taso, kuma hira takan zo da kanta daga nan.

Kada ki tafi da jerin laifuffuka na shekara huɗu. Abu ɗaya nake so ku zauna a kai, ko da safiyar Lahadi ne kafin ku haɗa kaya: jadawalin aikinku. Ku ɗauko naki da nasa ku nemo yamma ɗaya a mako da za ku ci abinci tare, ko da zai sa ki nemi a sauya miki wasu darare. Yanzu da Hajiya ke gida tana iya zama da yara na awa biyu, damar ta fi kowane lokaci sauƙi, kuma Janairu ba ta da nisa. Ku kira ta bayan magariba kowace rana ku gaisa, ku ji muryar yara, sannan ku kife wayoyin. A hanyar dawowa ku ratse Kendal ku sayo mata alawar na'a-na'a da aka san garin da ita, da mayafin ulu mai kauri, ke ki miƙa mata da hannunki. Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ki rubuto min in kun dawo.